Mai Hatimi da Marayun Wasiƙu

Shekara talatin da huɗu ya yi yana buga hatimi a gidan waya, har sunansa na yanka ya shige ƙarƙashin aikin ya ɓace. Mai Hatimi kowa ke ce masa, har matarsa, Allah ya jiƙanta, idan tana son tsokanarsa. Teburinsa yana ƙuryar ɗakin rarraba wasiƙu, gefen wata taga mai ƙarafa, inda hasken safiya ke faɗowa a yanke a kan buhuna. Kullum kafin ya taɓa wasiƙa sai ya murza lambobin hatimin ya daidaita kwanan wata, ya gwada a kan tsohuwar takarda, ya duba da kyau, sannan ya fara. Tim a tawada, tim a ambulan. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce ko agogon bango ya tsaya, da tsayawar wannan sautin suke gane lokacin shayi ya yi.

Bai taɓa buɗe wasiƙar kowa ba, amma yana karanta bayanta yadda likita ke karanta fuska. Ya san rubutun mai neman aiki, wanda ke danna biro har ya kusa huda takarda. Ya san na tsohuwar da aka rubuta mata, domin adireshin yakan zo da kwatance, kusa da famfo, gida mai baƙar ƙofa. A ƙasan teburinsa akwai durowa guda da ya sa wa suna ɗakin marayu. Nan yake ajiye wasiƙun da suka rasa mai karɓa, suka kuma rasa hanyar komawa, ko ruwan sama ya cinye adireshin, ko mai gidan ya tashi bai bar baya ba. Akwai kuma wasu da yake warewa gefe domin sufeto, waɗanda bayan ambulan ya ce daga gari kaza suka taso, amma hatimin da ke bisa kan sarkin ya nuna wani gari ne daban. Idan sabon ma'aikaci ya tambaye shi dalili, sai ya ce ba dukansu ne na 'yan damfara ba, amma na 'yan damfara duk haka suke zuwa.

A mako guda aka ɗauke su aiki shi da Sauri. Sauri shi ne mai kai wasiƙu gida gida a kan keke, kuma an sa masa wannan suna ne don bai taɓa yin sauri ba. Kowace ƙofa sai ya jingine keke, ya sha ruwa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya jira a gama kuka ko a gama dariya. Shi ne na ƙarshen dawowa kullum, jakarsa a bushe, cikinsa cike da ruwan gidajen mutane. Mai Hatimi yakan tare shi da faɗa, ya ce, "Kai dai da kunkuru aka ba keken nan da tuni ya dawo." Sauri ya ce, "Kai ka san nauyin wasiƙa a hannu, ni na san nauyinta a fuska. Zauna ka ci gaba da dukan takardun mutane."

Ma'aikatan gidan nan suna da wata ɗabi'a tasu da na waje ba sa ganewa. Babban al'amari, ciwo ko rasuwa, ba sa buga wa juna waya a kansa. A wurinsu waya tana shaƙe mutum a wuya, ta sa ya ce zan zo ko da zuciyarsa ba ta ce ba. Wasiƙa kuwa takan zauna a gaban mutum ta yi shiru, ta bar shi da kansa. Wanda ya zo bayan wasiƙa, shi ya kawo kansa. Sun yi imani kuma, imanin mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu a tsakanin buhuna, cewa abin da aka jefa a akwati zai isa.

Da suka yi ritaya, gidan wayar ya tsuke kamar rigar da aka wanke da ruwan zafi. Ɗakin rarrabawa ya koma shagon gyaran wayoyin hannu. Tsofaffin ma'aikata suka watsu, wasu wurin 'ya'yansu, wasu bayan gari, suka kafa ƙungiya don kada su ɓace wa juna, suka ɗora wa Mai Hatimi sakatare ba tare da an tambaye shi ba. Mutum sittin da shida suka rage. Da yake ofishin fansho ya tilasta wa kowa ya buɗe imel, kowannensu yana da adireshi, kuma abin mamaki suna dubawa, domin mutumin gidan waya ba ya wuce akwati bai leƙa ba.

Autarsa, wadda sana'arta ke nan haɗa wa mutane shafukan intanet, ita ta yi wa ƙungiyar ɗan shafi. Akwai fom a ciki. Sakatare ya cika, ya danna maɓalli, shafin da kansa ya rubuta wa mutum sittin da biyar a lokaci guda. Sanarwar taro ta riƙa tafiya da sunan ƙungiya, tana isa lafiya. Sai ranar da suka zo kan sanarwar ciwo da rasuwa, nan uba da 'ya suka yi 'yar jayayya a kan teburin cin abinci.

Ya ce, "Wannan ba da sunan ƙungiya za ta tafi ba. Da sunan iyalan za ta tafi, da adireshinsu a sama. Baƙin cikin nasu ne."

Auta ta ce, "Baba, ai sai a sa sunansu a cikin saƙon. Wurin mai aikawa a bar na ƙungiya, ya fi tsabta."

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa sa sunana a wasiƙar wani ba. Hatimi nake bugawa in matsa gefe. Yanzu da furfura za ki sa ni in tsaya a gaban gawar mutane in ce ga ni?"

Ta san muryar. Ta ƙara masa gurbi a fom ɗin, inda zai rubuta suna da adireshin iyalan, shafin ya aika kamar daga hannunsu. Ta gwada sau ɗaya, ya tafi. Shi kuma ya sa ta rubuta GAGGAWA da manyan baƙaƙe a kan kowace irin wannan sanarwa, kamar jan tambarin da suke mannawa a da.

A shekarar aka yi rashi biyu. Direban motar wasiƙu ya fara tafiya. Mai Hatimi ya cika fom da sunan matarsa, ya danna, allon ya ce an aika. A wurin jana'iza ya ƙirga mutanen gidan waya, shi da Sauri da wasu biyu da ke unguwar. Ya ce a ransa tsufa ne, ƙafa ta yi nauyi. Bayan wata biyar Mai Sikeli, wanda ke auna ƙunshi, ya bi. Mutum uku suka je. A hanyar dawowa Sauri ya ce, "Mutumin nan ya yi wa rabinsu hanyar aiki." Mai Hatimi ya koma gida ya buɗe littafin sunaye ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, kuma tun daga ranar wani abu ya daskare a ƙirjinsa game da mutanen da ya ɗauka 'yan'uwa ne. Bai tambayi kowa ba. Tambaya ma ai roƙo ce.

Sai ciwo ya kwantar da Sauri.

Ɗakin jinyar mai gado takwas ne, da fanka guda mai kuka, da farar kujerar roba a gefen kowane gado. Likita ya ja Mai Hatimi da matar Sauri zuwa baranda, ya ce musu kwanaki ne, idan an yi sa'a mako guda. Sauri bai buƙaci a gaya masa ba. Ya roƙi nas ta sauya masa gado zuwa wanda ke kallon ƙofa, ya sa matarsa ta kawo masa tsohuwar hular aikinsa, wadda gabanta ya karye tun zamanin keke.

Ya ce wa abokinsa, "Ka sanar da su. Ina so in ga fuskokinsu tun ina gane su. Amma sanarwa kawai, ka ji ko? Idan ka buga wa ko mutum ɗaya waya, ban yafe ba. Ba na son a zo mini da kunya."

"Wa zai ɓata kuɗin waya a kanka?"

"To, madalla. Tafi ka daki takardarka."

Ya koma gida ya cika fom. A gurbin mai aikawa ya sa sunan matar Sauri da adireshinta. Ya rubuta sunan asibitin da lambar ɗaki da lokacin ziyara, ƙarfe huɗu zuwa shida. Ya danna. An aika.

Ranar farko, ƙarfe huɗu saura Sauri ya sa aka tayar da shi zaune, aka share masa fuska, aka ɗora masa hula. Duk lokacin da ƙofar ta yi ƙara sai idanunsa su tashi. Masu shigowa suka yi ta shigowa da kwanuka da ledoji, suna wucewa zuwa wasu gadaje. Ƙarfe shida aka kaɗa ƙararrawa. Ya ce, "Yau ai sun gani ne kawai. Sai sun shirya." Rana ta biyu ya ce nisa ne. Rana ta uku sai da aka kaɗa ƙararrawar, sannan ya cire hular da kansa ya ɗora a kan ƙirji, ya dubi Mai Hatimi.

"Ka aika kuwa?"

"Na aika."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"To, shi ke nan." Ya juya fuskarsa bango. Da ƙyar aka ji sauran maganar. "Ashe haka na zauna da mutane."

Matarsa ta biyo Mai Hatimi har bakin matakala. Ta ce, "Baban Auta, don girman Allah ka buga musu. Ba zai sani ba." Ya tsaya riƙe da ƙarfen matakalar. Wayar tana aljihunsa, yana jin nauyinta kamar dutse. Ya ce, "Uwargida, zai sani. Da sun shigo zai karanta a fuskarsu. Aikinsa ke nan shekara talatin." Ya sauka a hankali, yana jin haushin mutum sittin da biyu, da na kansa da ya kasa karya alkawari.

Washegari da hantsi ya shiga kantin magani da ke kallon asibitin. Yana cikin layi aka dafa kafaɗarsa da lema. Rajista ce, matar da ta riƙe teburin wasiƙun rajista shekara ashirin, wadda ba ta taɓa miƙa wa kowa takarda bai sa hannu ba, ko da ubanta ne. Ta ƙara jiki, ta sa tabarau mai igiya, amma muryar tana nan.

"Mai Hatimi! Kana raye ashe? Ina mutumin naka, har yanzu bai iso ba?" Ta yi dariya.

Ya dube ta. "Ke ma har da ke? Mutum yana can sama kwana huɗu yana kallon ƙofa, kina nan ƙasa kina dariya?"

Dariyar ta tsaya. "Wane mutum? Wace ƙofa?"

"Na aiko miki. Na aiko wa kowa."

"Ka aiko wa wa? Ni da nake duba akwatina kafin in wanke ido?" Ta zaro waya daga jaka, ta ɗaga tabarau, ta tura masa allon har hanci. "Ga shi. Sanarwar taro. Ofishin fansho. Jikata. Ina taka?"

Babu. Ya karɓi wayar ya ja sama ya ja ƙasa da yatsa mai kauri. Babu. Mai kantin, wata mata da ta gaji da tsayuwarsu a gaban kanta, ta ce, "Hajiya, ku duba akwatin tarkace. Wani lokaci can suke faɗawa." Rajista ba ta ma san da shi ba. Mai kantin ta miƙo hannu ta taɓa wani lungu na allon, sai ga wani ɗaki ya buɗe, cike da masu cewa ta ci gasar da ba ta shiga ba, da masu tallan maganin ƙiba, da wani da ke rantsuwa shi ɗan marigayi attajiri ne. A tsakiyarsu, GAGGAWA, da sunan matar Sauri.

Rajista ta karanta. Ta nemi benci ta zauna. Mai Hatimi ya ce, da wata murya da bai san tasa ce ba, "A nan suke zama har abada?" Mai kantin ta ce a'a, bayan wata guda akwatin yana share kansa.

Rajista ta ce, "Direba. Da Mai Sikeli. Su ma ka aiko?"

Ya gyaɗa kai.

"Rasuwar Direba a bakin mai gyaran takalmi na ji ta, bayan wata biyu. Na ce to, ba a ga damar gaya mana ba, mun zama tsofaffin kaya. Na yi fushi da kai, Mai Hatimi. Na haɗiye, don ban iya tambaya ba."

"Ni ma na yi fushi da ke."

Suka zauna a kan bencin kantin magani, tsofaffi biyu, kowa riƙe da fushin shekara guda da ya rasa mai shi.

Ofishin Auta yana saman wani shagon buga takardu, ɗaki ɗaya mai tebur uku, ƙasansa yana rawa duk lokacin da injin ƙasa ya tashi. Ta ga mahaifinta a ƙofa yana haki, da wata tsohuwa a bayansa da lema, ta miƙe tsaye. Ya miƙa mata wayar Rajista ba tare da gaisuwa ba. Ta buɗe saƙon, ta shiga wani wuri a bayansa inda rubutu ya cakuɗe kamar tururuwa, ta yi ta karantawa. Sannan ta dafe goshi.

"Baba, kai ka samu naka?"

"Ni da na aika? Mai aikawa yana aika wa kansa ne?"

"Da kana cikin jerin da tun bara mun gani. Laifina ne ni ma. Da na gwada, da adireshin ƙungiya na gwada." Ta jawo masa kujera. "Zauna ka ji. Duk gidan da ke riƙe wa mutane akwatin imel yana da rariya a bakin ƙofa. Ba mutum ba ne, na'ura ce, amma aikinta tantancewa. Saƙo ya zo, sai ta duba sunan wa ke sama. Wannan ya ce daga matar Baba Sauri yake. Sai ta duba ta wace hanya ya biyo, ta ga bai fito daga gidan da ke riƙe da akwatin matar ba, daga injin da shafinmu ke zaune a kai ya fito. Sai ta tambayi wancan gidan, kun ba injin nan izinin aika saƙo da sunan mutanenku? Su ce ba mu san shi ba. Ta nemi sa hannun gidan a jikin saƙon, babu."

Rajista ta ce, "Babu sa hannu? Ai ni ma ba zan ba da shi ba."

"Ba a nan ya tsaya ba, Inna. Injin nan haya muke yi, mu da ɗaruruwan shafuka. Idan a cikin maƙwabtanmu akwai masu aika shara, sunan gidan duka ya ɓaci. Ga shi saƙo iri ɗaya, kalma ɗaya, ya fita wa mutum sittin da biyu cikin ƙiftawar ido, abin da hannun ɗan Adam ba ya yi. Ga GAGGAWA da manyan baƙaƙe, wadda ita ce sallamar kowane ɗan damfara. Sanarwar taro tana tsallakewa don da sunanmu take tafiya, kuma injin namu ne. Wannan kuwa..."

Ba ta ƙarasa ba, domin ta ga fuskarsa. Yana kallon tagar ofishin, amma wata taga yake gani, mai ƙarafa.

A hankali ya ce, "Bayan ambulan ya ce gari kaza. Hatimi ya ce wani gari."

"Haka ne, Baba."

"Da ni ne a ƙofar, da gefe zan ware ta." Ya shafa gwiwarsa. "Na'urar nan ba ta yi laifi ba. Aikina ta yi. Ni na aika wasiƙar gaskiya cikin rigar ɓarawo, sau uku, ina ganin ladabi nake yi."

Injin ƙasa ya tashi, kofin shayin da ke kan tebur ya kama rawa. Auta ta ce za ta gyara yau, saƙo ya riƙa fita da sunan ƙungiya, da sa hannun ƙungiya, sunan iyalai ya koma ciki. Amma ta ce kafin sauran gidajen su ga sabon izinin yana iya kai gobe, kuma ba ta da tabbacin rariyar da ta riga ta ƙyamace su za ta sake su nan take. Ta ce, "Baba, ga waya. Mu uku, kafin la'asar mun gama."

"Na yi alkawari."

"Alkawarin da zai sa ya mutu yana zaton an yar da shi?"

Rajista ta buga lemarta a ƙasa. "Yarinya, ba ki san Sauri ba. Bar maganar waya." Ta juya gare shi. "Amma kai ma kada ka zauna kana mana fuskar makoki. Ba wanda ya hana wasiƙa."

Ya ɗago. Ya tambayi Auta, idan mutum ya rubuta da kansa, daga nasa akwatin, zuwa ga mutum guda, da kalmomin da ba na kowa ba sai na mutumin, rariyar za ta tare? Ta ce da wuya, musamman ga waɗanda suka taɓa musayar saƙo da shi. Ya ce, "Da sunana ke nan." Ta ce, "Da sunanka, Baba."

Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda tawada ta bar wa duhu a gefen babban yatsa har yau. Sannan ya ce a ba shi littafin sunaye.

Tun kafin azahar suka fara. Yana faɗa, Auta tana bugawa. Babu GAGGAWA. A saman kowace sai ya sa sunan da suke kiran mutumin a ɗakin rarrabawa. Ya rubuta wa Mai Gadi cewa wanda ya saba shigowa bayan an rufe ƙofa yana kwance, kuma wannan karon ba a san ko za a jira shi ba. Ya rubuta wa Akawu cewa mutumin da ya ɓatar masa da biro goma sha ɗaya yana ɗaki na shida, gado mai kallon ƙofa. Bai roƙi kowa ba. A cikin kowace kuma ya sa layi biyu da suka fi sauran wuya, cewa Direba da Mai Sikeli sun rasu bara, an sanar, sanarwar ba ta iso ba, kuma kuskuren nasa ne. A ƙasa ya sa sunansa na yanka, wanda ya daɗe bai gani a rubuce ba, sannan ya ƙara Mai Hatimi, don a gane shi.

Ƙarfe huɗu saura suna kan ta talatin da takwas. Ya dubi agogo. Tun da aka kwantar da Sauri bai taɓa fashin ziyara ba. Rajista ta miƙe ta gyara mayafi. "Ci gaba da aikinka. Ni na karanta tawa sanarwar, da ƙafata zan je." A bakin ƙofa ta waiwayo. "In gaya masa?" Ya ce, "Gaya masa duka. Ki ce Mai Hatimi ya jefa wasiƙunsa a ɗakin marayu."

Rana tana gab da faɗuwa suka aika ta sittin da ɗaya. Kafin su rufe ofis, amsa huɗu sun shigo.

Washegari ƙarfe huɗu, ƙofar ɗakin jinya ta yi ƙara, Mai Gadi ya shigo yana dogara sanda. Bayansa Akawu, da biro a aljihun gaba. Bayansu wasu tara. Kujerar roba ɗaya ce, don haka suka tsaya a kewaye da gadon kamar yadda suke tsayawa a kewaye da buhun safe. Sauri yana zaune da hularsa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana karanta fuskokin, kuma abin da ya karanta ya ishe shi.

Ya ce, da ɗan abin da ya rage masa na murya, "Kwana biyar. Kuma ni kuke kira Sauri."

Akawu ya ce, "Wasiƙar ce ta biyo hanyarka, ta tsaya shan ruwa."

Dariya ta sa shi tari, tarin ya daɗe, matarsa ta riƙe masa kofi. Da ya lafa ya nemi Mai Hatimi da ido, ya same shi can baya jikin bango, inda ya saba matsawa. "Kai, zo nan. An ce ka sa sunanka a wasiƙa." Mai Hatimi ya ce, "Sau sittin da ɗaya." Sauri ya ce, "Bai kashe ka ba?" Ya ce, "Saura kaɗan." Sauri ya kama yatsansa mai tawada ya riƙe, bai sake ba har aka kaɗa ƙararrawa.

Rana ta gaba mutum goma sha tara suka zo, har nas ta ce su riƙa shiga biyar biyar. Wasu sun kwana a hanya. Wata ta zo a keken guragu, ɗanta na tura ta. A rana ta uku da safe, kafin lokacin ziyara, Sauri ya cika, hular tana kan ƙirjinsa. Waɗanda suka iso da yamma ba su same shi ba, amma sun samu jana'izarsa, kuma ba a ƙirga su da yatsun hannu ba.

Auta ta gyara shafin. Yanzu sanarwa tana fita da sunan ƙungiya, kuma sunan sakatare yana cikin jerin masu karɓa, na sittin da uku. Duk wadda ya aika sai ya zauna ya jira tasa ta iso, sannan ya tashi daga kujera.

Bayan mako guda ya sayi ambulan biyu da takarda mai layi. Ya rubuta da biro, yana dannawa har ya kusa huda takardar. Ɗaya ta matar Direba, ɗaya ta matar Mai Sikeli, waɗanda shekara guda ke nan suna zaton mazajensu sun yi aiki da mutanen da ba su san su ba. Bai manna kan sarki ba. Ya sa su a aljihu ya hau motar haya zuwa bayan gari, ya sauka ya taka sauran da ƙafa, yana tambayar kwatance.

Matar Direba ta buɗe ƙofa ta dube shi, ba ta yi murmushi ba. Ya miƙa mata ambulan. Ta juya shi a hannu, ta ce idanunta sun daina ganin ƙananan rubutu. Ya ce ba komai, ba sauri yake yi ba. Ta shiga ta kawo masa kujera da ruwa a kofi. Ya sha, ya ajiye kofin a ƙasa, ya buɗe wasiƙar, ya fara karanta mata.